Ramin da Likita Ya Bari a Cikin Hansai

Tun da muka dawo daga ƙasar Nijar ban huta da tambaya ba. In na zauna a rumfar 'yan hatsi ta kasuwar Hunkuyi a tambaye ni, in na fito daga masallaci a tambaye ni: yaya hanya, yaya mutanen can, kuma me ya sa tafiyar da muka ce ta mako biyu ce ta cinye wata biyu? Amsar da nake bayarwa ita ce ciwon ne ya ƙi warkewa. Wasu suka ƙara mata gishiri, suka ce likitocin can ne suka bar aiki rabi, ni kuwa na yi shiru na ƙyale su. Wannan shirun ne ya hana ni sakat. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma zan rubuta yadda abin ya faru, wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba.

Ni ne Idi mai ɗinkin buhu. Fiye da shekara talatin ina riƙe da basilla a kasuwar nan, kuma ba a taɓa dawo mini da buhu an ce ya zubar ba.

Mai ɗakina Hansai zazzaɓi ya kama ta da faɗuwar damina. Laifina na farko ke nan, don sai da na yi mako biyu ina ɗura mata jiƙe-jiƙe kafin in kai ta asibitin birni. Can aka ce taifot ne, har ya huda hanji. Aka yi mata aiki, aka fito da bakin hanjin ta gefen cikinta na dama, bayan gida yana fita ta nan cikin wata 'yar jakar roba. Aka ce bayan wata uku a dawo a mayar da shi. Da muka koma, likitoci suna yajin aiki. Muka sake komawa, aka ce babu kayan aiki. Jakar robar ma ta ɓace daga kasuwa kamar yadda komai yake ɓacewa a wannan zamani na soja, sai leda take ɗaurawa da tsumma, fatar wurin duk ta saluɓe. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki. Wata rana ta idar da salla, ta zauna a kan tabarma ta ce, "Malam, anya Allah yana karɓar wannan sallar tawa?" Na ce mata malamai sun ce lalura ce. Ta ce ta ji, amma ita dai hancinta bai ji ba.

Ƙawarta Saratu ce ta kawo labarin asibitin. Saratu Kirista ce, mutuniyar kudancin Kaduna, tana aure a Nasarawan Doya, sun saba da Hansai tun suna sayar da man gyaɗa gefe da gefe. A cocinsu ta ji cewa can gaba da Maraɗi akwai asibitin mishan da ba ya yajin aiki. Ta ce za ta raka mu, tunda ba a barin namiji ya yi jinya a ɗakin mata. Lokacin masara ta fara bushewa a gona. Na lissafa a raina: mako biyu, in dawo in tarar da kaka tana farawa.

Motar da muka samu a tashar Hunkuyi tsohuwar fijo ce, ranar kuma ana tsananin wahalar mai. Direban duk gangarar da ya samu sai ya kashe inji mu sulala. Wani fasinja ya ce, "Direba, in an zo hawa mu ne injin?" Direba ya ce, "Ashe ka gane." Haka kuwa aka yi, tsakanin Ɗanja da Malumfashi sau uku muna turi.

Shingen sojoji ban iya ƙirga su ba. A wani, kafin Katsina, aka ce kowa ya sauko. Wani ƙaramin soja ya ga tudu a ƙarƙashin mayafin Hansai, ya nuna da bakin bindiga ya ce me ta ɓoye. Saratu ta shiga tsakaninsu ta ce, "Ɗana, in ka buɗe, kai za ka ɗaure. Kana da uwa?" Iska ta kaɗo masa warin. Ya ja da baya, ya ce, "Mama, yi haƙuri," har ya buɗe mata ƙofar mota da kansa. Hansai ba ta ɗaga kai ba har muka shiga Katsina. Da muka sauka a masauki ta ce mini a hankali, "In aka mayar da abin nan, ko mutuwa zan yi kada a sake fito da shi."

Washegari muka kai Jibiya, muka tsallaka. A wancan gefen jandarmomi ne, su ne kamar 'yan sandansu na kan hanya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rana na take tsaka sai suka rufe taga suka tafi cin abinci da barci, ba su dawo ba sai wajen la'asar. A wurinmu ma'aikaci yana iya ƙin zuwa ofis gaba ɗaya, amma ba ya rufewa da sunan doka. Na yi ta kai da kawo a gindin bedi, wato darbejiya, kamar kazar da ke jin ƙwai. Da aka buɗe, jandarma ya ce in ba shi katin shaida. Ba ni da shi, sai na miƙa masa tsohon katina na zaɓe. Ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Dattijo, wannan ko a ƙasarku ya daina aiki." Takardar asibitin birni ce ta cece mu.

A Maraɗi na ga burodi mai tsawon taɓarya, bayansa tauri kamar ɓawon kuka. Na sayi ɗaya na yi ta fama, Saratu tana cewa in ajiye shi ko za mu haɗu da kare a hanya. Abin da ya yi mini daɗi shi ne kwaɗon zogalensu, ba sa tsimin ƙuli. Hausarsu kuwa tamu ce, amma an karkata ta. Likita su ce lokotoro. In na yi magana sai su kalli juna su ce, "Bazazzagi ne," kamar wanda aka kama da wani abu.

Asibitin yana bayan gari. A gefensa an yi rumfuna jere, nan masu jinya suke zama, kowa da murhunsa. Rijiyarsu in ka jefa guga sai ka yi salati kafin ka ji ya taɓa ruwa. Maƙwabcina a rumfa wani Buzu ne dattijo da ya kawo 'yarsa. Kullum da hantsi sai ya hura gawayi ya dafa shayi a 'yar ƙaramar buta, dahuwa uku, kowanne sai an jira. Ni na farko kawai nake sha in miƙe. Ya ce mini, "Ina za ka?" Na ce ba ko'ina. Ya ce, "To me ya tashe ka?" Abin da yake tashina kuwa amalanke ne. Duk wanda ya wuce da damman gero sai in tuna masara tana shiga Hunkuyi, kuma manoman da suka saba da ni suna miƙa wa wasu buhunansu.

Rana ta huɗu da zuwanmu aka yi aikin. Likitan Bature ne mai furfura, yana Hausa ta hanci. Kwana uku bayan nan Hansai ta zaga bayan gida kamar kowa. Saratu ta fito ta same ni a rumfa tana share hawaye tana dariya, ta ce, "Malam Idi, ban taɓa zaton zan yi wa wannan abu murna ba."

Rannan da yamma aka bar ni na shiga, na tarar ma'aikaciyar jinya, wata mai suna Zalika, tana canja auduga. Na leƙa. Inda bakin hanjin yake a da, na ga an bi gefen fatar da zare an zagaye, an ja an tsuke, kamar yadda ake jan zariyar wando, amma a tsakiya an bar rami wanda kan ɗan yatsa zai shiga.

Na ce, "Yaushe za a ƙarasa?"

Ta ce, "An ƙarasa, Baba."

Na ce, "Ga rami ina gani."

Ta ajiye almakashi ta yi mini bayani, kuma ina shaida ta yi shi dalla-dalla. Ta ce hanjin an haɗa shi, naman ciki an ɗinke shi tam, fata ce kawai aka bari haka da gangan. Wata biyar ƙazanta tana bi ta wurin nan, duk wankin da za a yi sai an bar ƙwayar cuta. In aka rufe fatar ruf, ruwan ciwo ba shi da hanyar fita, sai ya taru ya zama mugunya. In aka bar masa 'yar ƙofa, ya tsiyaye, ramin ya ciko da kansa daga ƙasa, cikin 'yan makonni ya rufe.

Kunnena ya ji, zuciyata ba ta ji ba. Na saba da gida, inda kome ka tambaya a ce babu, sannan a yi maka dogon bayani don a rufe babun. Na ce a raina tsimin zare ne, sun ga baƙi sun rage mana. Na ce wa Saratu a waje, "Da ni na yi wa mai hatsi irin wannan ɗinkin, da ya jefe ni da buhun." Ta ce, "Ƙawata ba buhu ba ce."

Da aka sallame mu, Zalika ta ce ya fi kyau mu ƙara mako biyu a rumfa ana wanke mata ciwon kullum. Na ce ba zai yiwu ba, aiki yana jirana. Sai ta koya wa Saratu: a tafasa ruwa da ɗan gishiri, a bari ya huce, a wanke, a rufe da auduga mai tsabta. Ta dube ni ta ce, "Baba, kada a cusa masa komai, kada a rufe shi." Na ce to.

Muka tsallako zuwa Jibiya muka tarar babu motar da ke motsi. Mai ya ƙare ƙaf, direbobi suna kwance a ƙarƙashin motocinsu suna wasan dara. Muka kama ɗaki a wani gida bayan tasha. Kwana ɗaya, kwana biyu. Ni da na ƙi zaman mako biyu, ga ni zaune ba asibiti ba gida. Duk sanda Saratu ta buɗe ciwon sai in ga ɗan ruwa-ruwa a jikin audugar, in ce yana ruɓewa. Ta ce haka aka ce zai yi.

A ƙofar gidan akwai wani mai shagon magani da ake kira Dakta. Ya ce ya yi aikin asibiti kafin gwamnati ta rage ma'aikata. Na ba shi labari, ba don in ji ra'ayinsa ba, don in ji nawa daga bakin wani. Ya girgiza kai ya ce, "Ai ƙofa aka bar wa iska. Ɗinki huɗu ya ishe shi."

Na san Saratu ba za ta yarda ba. Saboda haka da hantsi na ce mata Hansai tana marmarin fura, ta je can cikin kasuwa ta nemo mai kyau. Wannan ne abin da na fi jin kunyar rubutawa. Tana fita na shigo da mutumin.

Hansai ta ce, "Malam, sun ce a bari."

Na ce, "In maganar magani ce sun fi ni. In maganar ɗinki ce, ba su fi ni ba."

Ta dube ni, ta juya fuskarta bango. Ya yi ɗinkinsa da baƙin zare, guda huɗu, a jere. Ban ji ta yi ko tari ba. Na duba na ga layi ya miƙe sumul, na ji daɗi irin na mai sana'a.

Saratu ta dawo da ƙwaryar fura. Da ta ɗaga audugar ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Malam Idi, ashe ba aike na ka yi ba, kora ta ka yi." Daga nan ba ta ƙara yi mini magana ba.

Kwana biyu wurin ya yi kyau, babu ruwa, audugar a bushe. Har na so in yi gori. A rana ta uku ya tasa, ya yi ja, ya yi sheƙi, in ka kai hannu kusa ka ji zafi. Hansai ta ce yana bugawa kamar ana daka a ciki. Zazzaɓi ya rufe ta, ko ruwa ba ta so. Na koma wurin mai shago, ya ce allura za a ƙara. Aka ƙara, ba ta yi komai ba.

Da safiyar rana ta huɗu aka ce mai ya zo. Ga babbar mota za ta kudu har Funtuwa, kuma akwai wurin zama a ciki, abin da na yi kwana shida ina jira. Ga kuma wata ƙaramar mota za ta Maraɗi. Allah ya sani, har a lokacin na tsaya ina cewa mu ƙarasa gida, a can ma akwai masu magani. Saratu ta ɗaure ƙunshin kayansu ta ɗora a ka. Hansai ta dafa bango ta miƙe, leɓenta ya bushe, ta ce, "Ka je ka ɗinka buhunanka, Malam. Ni Saratu za ta mayar da ni." Ba da faɗa ta faɗa ba. Shekara arba'in muna tare, ba ta taɓa zaɓen hanya ba tare da ni ba sai rannan.

Na karɓi ƙunshin daga kan Saratu, muka shiga ƙaramar motar.

Mun isa wurin jandarmomi daidai suna shirin rufe taga. Mutumin nan ya gane ni, ya ce, "Mai katin zaɓe, an yi mantuwa ne?" Sai ya leƙa ya ga Hansai kwance a cinyar Saratu. Ya ɗaga sandar shingen da kansa.

Zalika ce ta karɓe mu. Ta ɗaga audugar, ta ce, "Wa ya yi wannan?" Saratu ta dubi ƙasa. Hansai ta rufe ido. Sun bar mini fili in yi ƙarya in na so. Na ce, "Ni na sa." Ta ce, "To tsaya nan, Baba, ka gani."

Ta sa almakashi ta yanke na farko, ta yanke na biyu. Kafin ta kai na uku abin ya fashe. Mugunya ta cika ƙaramin kwano, wari ya cika ɗakin. Wannan warin na san ɗan uwansa. Shi ne na masarar da aka ɗinke a buhu ba ta gama bushewa ba, wadda in an farke bayan mako sai ka ji zafi ya bugi hannunka, cikin ya yi baƙi. Ni ne nake zura hannu har gwiwar hannu a kowane buhu kafin in sa basilla. Ni ne nake korar manomi mai gaggawa in ce masa je ka shanya, ba na rufe ɗanyen abu. Shekara talatin ina faɗa wa mutane wannan, matata ce kawai ban zura wa hannu ba.

Aka kira likitan. Ya ce dole a kwance har zaren farko da suka tsuke, a buɗe wurin sosai a duba. In ruɓar ta tsaya a fata da sauƙi. In ta ci ɗinkin ciki ta kai ga hanjin, sai an sake fito da shi waje. Hansai ta buɗe ido ta dube ni. Na tuna abin da ta ce a Katsina.

Aka fitar da ni. Na je rumfa na kasa zama, na je rijiya na dawo, na zagaye katangar asibitin ban san sau nawa ba. Buzun nan yana nan, 'yarsa ba ta warke ba tukuna. Ya miƙo mini shayi, na karɓa.

Bayan azahar Saratu ta fito. Maganarta ta farko ke nan gare ni tun Jibiya. Ta ce, "Bai kai ciki ba. Ya ce da an ƙara kwana ɗaya ko biyu, da wani zancen ake."

Ramin da a da kan yatsa ne kawai zai shiga, yanzu ya zama kamar tafin hannun jariri. Mako shida muka ƙara a rumfa. Ni nake jan ruwa, ni nake tafasa shi da gishiri, ni nake riƙe kwano Saratu tana wankewa. Kullum ina leƙawa, kuma na gani da idona yadda nama ja yake tasowa daga ƙasa kaɗan-kaɗan, ba mai tura shi. Amalanke suka yi ta wucewa har suka daina. Na koyi shan shayi na uku, ashe shi ya fi zaƙi.

Akwai wata Bafulatana da aka yi wa irin aikin Hansai a mako guda da ita, ta zauna aka yi mata wankin. Ranar da za ta tafi ta nuna wa mata tabonta, Saratu ta ce mini bai fi cibiya girma ba. Na Hansai ya kai tsawon yatsa, ya tattare, kuma har yau in ta ɗaga taɓarya yana ja mata.

Mun dawo Hunkuyi an gama kaka, an ɗinke abin ɗinkewa. Saratu muka raka ta har Nasarawan Doya, na durƙusa gaban mijinta na yi godiya, na kuma nemi gafararta. Ta ce, "Na yafe, amma kada ka ƙara aike na sayen fura."

Ita Hansai ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ranar kasuwa ta farko, na ɗauki gwangwanin da nake ajiye basilla zan fita, ta ce in dakata. Ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar takarda a ninke. Ashe ta roƙi Zalika ta wanke mata su ta ba ta. Guntayen baƙin zare ne, guda huɗu.

Ta ce, "Ga ɗinkinka, Malam. Ban saba ganin ka bar aikinka a garin mutane ba."

Suna nan cikin gwangwanin tare da basilla. Wanda har yanzu yake cewa likitocin can ne suka bar aiki rabi, ya zo rumfata ranar kasuwa in buɗe masa ya gani.